Sifurus: Bishiyar Finafinan Indiya Da Yadda Ake Renonta

  

Na san da wuya a sami wadda ba ta taɓa kallon fim ɗin Indiya ba a cikinku. To ku tuno wajen waƙa, inda saurayi da budurwa za su ɓace daga cikin gari, sai kawai a gan su a kan dutse, ita da jan sari iska na kaɗa shi, shi kuma da rigar sanyi, ga ƙanƙara fari fat ta rufe ko'ina. Idan kuka ɗauke ido daga kansu kuka dubi bayansu, za ku ga wasu dogayen bishiyoyi kore shar, masu faɗi daga ƙasa da tsini a sama tamkar jinkar ɗaki, sun jeru kamar an sa su sahu. Da yawa daga cikin waɗannan bishiyoyin sunansu sifurus. Da can a Kashmir ake ɗaukar irin waɗannan waƙoƙin, da rikici ya ɓarke a can a 1989 sai masu shirya fim suka ƙara karkata zuwa Suwizalan. Fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na Shah Rukh Khan da Kajol, wanda ya fito a 1995, an ɗauki wani sashe nasa a ƙauyukan Suwizalan, kuma duwatsun da ke kewaye da ƙauyukan cike suke da sifurus.

Ni dai aure ne ya kai ni birnin Kalgari da ke lardin Albata a ƙasar Kanada, inda maigidana yake aiki, kuma a can na wayi gari ina da wannan bishiya har guda biyu a farfajiyar gidana. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarinta, yadda take, yadda ake dasa ta da renonta, da kuma amsar tambayar da na san tana ranku, wato shin za ta yi a gidajenmu na ƙasar Hausa?

YADDA ZA KI GANE TA

Sifurus iri-iri ce, masana tsirrai sun ƙidaya wajen iri 35, kuma yawancinsu 'yan ƙasashen sanyi ne, wato arewacin Turai da Rasha da Kanada da Amurka da Sin da Japan da duwatsun Himalaya. Ba ta da ganye mai faɗi irin na mangwaro ko gwaiba. Ganyenta tsinke-tsinke ne gajeru kamar allura, kowane ɗaya yana tsaye shi kaɗai a kan wani ɗan ƙaramin tudu a jikin reshe. Idan kika tsinko ɗaya kika murza shi tsakanin yatsunki za ki ji yana mirginawa, don yawanci kusurwa huɗu gare shi. Da wannan ake bambanta ta da 'yan uwanta masu kama da ita, domin wasu allurarsu a ɗaure take bibbiyu ko biyar-biyar kamar ƙullin tsintsiya, wasu kuma tasu a baje take ba ta mirginawa. 'Ya'yanta kuwa suna kama da ƙaramin goyon masara mai ɓawo hawa-hawa, kuma a rataye suke suna kallon ƙasa. A cikin ɓawon nan ƙwayar irin take ɓoye.

Abin da ya sa mutanen ƙasashen sanyi suke ji da ita shi ne, idan hunturu ya shigo bishiyoyi masu faɗin ganye sai su zubar da ganye su koma kamar busassun itatuwan girki har tsawon wata shida, amma ita tana nan kore. Kowace allura takan yi shekaru a jikin reshe kafin ta faɗi, kuma kafin nan sababbi sun fito, don haka ba a taɓa ganinta tsirara. 'Yar uwa, sai kin zauna a garin da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu da rabi na yamma, kin leƙa ta taga kin ga komai fari ko ruwan toka, sannan za ki san darajar koren abu guda ɗaya a ƙofar gida.

Amfaninta kuma ya wuce ado. Ana sarrafa itacenta a yi takarda da katakon gini. Shahararren maƙerin gogen Turawa, Antonio Stradivari na garin Kiremona a Italiya, wanda ya rasu a 1737, da itacen sifurus yake yin fuskar gogensa, saboda ba shi da nauyi ga kuma ɗaukar sauti. Jirgin saman da 'yan uwan nan biyu masu suna Wright suka tayar a Amurka a 1903, akwai itacen sifurus a ƙirarsa. Ku kuma masu son taunar cingam, cingam ɗin farko da aka fara sayarwa a Amurka a 1848 daga ƙaron sifurus aka yi shi. Kiristoci kan yi mata ado lokacin Kirsimeti, kuma tun daga 1947 birnin Oslo na ƙasar Norwe yake aika wa Landan kyautar ƙatuwar sifurus duk shekara a kafa ta a dandalin Tarafalga, don godiya kan taimakon da Ingila ta yi musu a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma a unguwarmu bishiyar gida ce kamar yadda darbejiya take a ƙofar gidajenmu, mai addini da marar addini kowa yana da tasa.

Wani abin mamaki kuma, a kan wani dutse a ƙasar Suwidin akwai wata sifurus da wani malamin jami'a mai suna Leif Kullman ya gano a 2004. Tsawonta a lokacin bai wuce mita 5 ba, ba za ki dube ta sau biyu ba, amma da aka auna tsofaffin saiwoyin da ke ƙarƙashinta sai aka ga sun kai wajen shekara 9,550. Gangar jikin takan mutu wata ta sake fitowa, saiwar kuwa tana nan daram.

BIYUN DA KE GIDANA

Ta farko ita ce shuɗiyar sifurus, 'yar asalin duwatsun Roki na Amurka, wadda jihar Kolarado ta ɗauka a matsayin bishiyarta a hukumance a 1939. Launinta tsakanin shuɗi ne da azurfa, idan rana ta haska ta sai ki rantse hoda aka barbaɗa mata. Wannan launin wani ɗan kaki ne da ke lulluɓe da allurar, yana kare ta daga bushewa, kuma idan kika goge shi da yatsa sai koren ya bayyana. Allurarta na da tsini sosai, yarana sun daɗe da koyon cewa ba a bin ƙwallo cikinta da gudu. Takan ƙara kamar taku ɗaya a shekara, wato wajen santimita 30, kuma idan ta manyanta a cikin gida takan kai mita 15 ko fiye, faɗinta a ƙasa ya kai mita 5 zuwa 6.

Ta biyu kuwa 'yar ƙarama ce, wadar sifurus ta Albata, ita ce kuma 'yar lelena. Labarinta ma mai daɗi ne. A 1904 wasu masana tsirrai biyu daga Amurka, John Jack da Alfred Rehder, suka tsince ta a daji kusa da tafkin da yanzu ake kira Luwis, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Kalgari. Suka ga wasu 'yan tsirrai sun fita daban da sauran, cunkus da su kamar an yi musu aski, suka ɗauke su suka kai lambun jami'arsu. Daga nan aka riƙa yankar reshe ana dasawa har ta bazu a duniya. Ita wannan a shekara ba ta ƙara abin da ya wuce santimita 5 zuwa 10, wato tsawon ɗan yatsa. Kafin ta kai mita 3 sai ta shekara 25 ko 30. Idan kika dasa ta ranar sunan 'yarki, to kafin ta wuce tsayin ƙofar ɗaki 'yar ma ta kai aure.

RANAR DASHE

Wadda ta koya mini aikin wata tsohuwar Baturiya ce maƙwabciyata, mai shekara saba'in da wani abu, wadda tun da mijinta ya rasu lambunta ya zama abokin hirarta. Ranar da muka sayo shuɗiyar a cikin baƙar roba, tsayinta bai kai ƙugun maigidana ba, ta leƙo ta kan shinge ta ce, "A ina za ku sa ta?"

Maigidana ya ce, "Ai ke muke jira, Mama, ke kika san ƙasar nan."

Ta yi dariya ta zagayo. Ta tsaya a jikin bangon gidan, ta fara takawa tana ƙirgawa har sai da ta yi nisan mita 5, sannan ta dangwala sandarta ta ce nan. Na dubi 'yar bishiyar, na dubi filin da aka bar mata, na ce, "Mama, wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta cinye duk wannan wurin?" Sai ta nuna mini wani gida a ƙarshen layinmu, inda aka dasa irinta dab da taga shekaru da dama da suka wuce. Ta girma ta toshe tagar falo, rassanta suna gogar rufi, allurarta ta cika indararo. Ba a yi wata uku da maganarmu ba aka zo da injin yanka aka sare ta, bishiyar da ta haura shekara talatin. Na tsaya a ƙofa ina kallo, wallahi sai da na ji ƙwalla. Tun ran gini tun ran zane, wanda zai dasa sifurus sai ya auna mata wurin da za ta cika idan ta girma, ko da a ranar dashen wurin ya yi mata yawa.

Lokacin dashe a garinmu shi ne ƙarshen watan Mayu, bayan ƙasa ta narke kuma an daina fargabar sanyin dare, ko kuma ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, don saiwa ta sami makonni ta kama kafin ƙasa ta daskare. Kafin a sa shebur sai an sanar da masu kula da bututun gas da wayoyin da ke binne, su zo su sa alama, don kada garin neman ado a jawo gobara.

Ramin da aka tona faɗinsa ya ninka na robar sau biyu zuwa uku, amma zurfinsa daidai da tsayin ƙasar da ke cikin robar, ko ɗan yatsa bai ƙaru ba. Wannan shi ne abin da tsohuwar ta fi nanatawa. Saiwar sifurus ba ta nutsawa can ƙasa, bazuwa take yi a sama-sama, kuma tana bukatar iska. Akwai wurin da gangar jiki take ɗan buɗewa kafin ta zama saiwa, ni ina kiransa wuyan bishiya, to wannan wuyan dole ya kasance a waje ana ganinsa. Idan aka binne shi bishiyar ba za ta mutu nan take ba, za ta yi ta ramewa ne a hankali shekara da shekaru, mai ita yana ta zuba taki bai san ciwon ba.

Muka zare ta daga robar, muka warware saiwoyin da suka nannaɗe kamar gammo, muka zaunar da ita a tsakiya, muka mayar da ƙasar da aka tono. Ƙasar Kalgari laka ce mai riƙe ruwa, sifurus kuwa tana son danshi amma ba ta son ƙafarta ta kwana cikin ruwa, don haka tun kafin dashen sai da muka cika ramin da ruwa muka ga ya tsotse cikin 'yan awoyi. Bayan dashe muka shayar da ita sosai, muka baza ɓarzajjen ɓawon itace kewaye da ita mai kaurin yatsu huɗu, amma muka bar tazara tsakaninsa da jikin bishiyar don kada ya ruɓar da ita. Taki kuwa ko cokali ba a sa mata ba a shekarar farko.

RENO SAI DA HAƘURI

Shekara biyu zuwa uku na farko su ne masu wuya. Sau ɗaya a mako, idan ba a yi ruwan sama ba, nakan ajiye tiyo a gindinta ruwa na zuba a hankali har ƙasa ta jiƙu can ciki. Yayyafi kullum-kullum a sama ba ya amfanarta. A shekarar farko kusan ba ta ƙara komai ba, har maigidana ya riƙa tsokanata yana cewa, "Anya bishiyar nan taki ba ta roba ba ce?" Tsohuwar ta ce mu ƙyale ta, aikin a ƙarƙashin ƙasa ake yin sa. A shekara ta uku kuwa sai ga ta ta miƙe.

Sau ɗaya tak take toho a shekara. A ƙarshen Mayu zuwa Yuni kan kowane reshe yakan fashe, sai wani lallausan toho mai haske ya fito, taushi kamar gashin jariri, cikin makonni kaɗan ya gama tsawon da zai yi, shi ke nan sai baɗi. Duk shekara kuma takan fitar da zagaye ɗaya na manyan rassa, shi ya sa idan tana ƙarama za ki iya ƙirga hawan rassanta ki kintaci shekarunta. Wasu kan tsinki sabon tohon su dafa shayi da shi, yana da ɗan tsami-tsami kamar lemo.

Sanyi ba ya ba ta tsoro. A nan yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, tana tsaye ko a jikinta. Abin da ke cutar da ita ƙishirwar hunturu ce. Akwai wata iska mai ɗumi da ake kira cinuk, takan gangaro daga duwatsu a tsakiyar hunturu, cikin yini guda ƙanƙara ta fara narkewa. Wannan iskar da hasken rana sukan busar da allurar, alhali ƙasa a daskare take, saiwa ba ta iya jan ruwa ta mayar. Sai bazara ta zo ki ga gefe guda ya yi ja kamar an babbaka. Ku da kuka san yadda iskar hunturu ke fasa leɓe da dunduniya, kun gane abin da nake nufi. Maganinsa shi ne a watan Oktoba, kafin ƙasa ta daskare, a shayar da ita ta ƙoshi. 'Yar ƙaramar kuwa, da yake ta fi laushi, a gefen gidan da iska ba ta bugawa na sa ta, kuma duk hunturu nakan kafa mata sanduna in zagaye da buhun algarara.

Wajen aski ma akwai doka. Darbejiya ko an yi mata ƙwal-kwabo za ta sake tsirowa, sifurus kuwa idan kika yanke reshe har kika kai wurin da babu allura, to wannan gurbin ya tafi ke nan har abada. Sabon toho kawai ake ragewa, shi ma kaɗan. Kan bishiyar kuma, wato tsinin nan na sama, ba a taɓa shi, don shi ke jan tsayuwarta. Idan ya karye sai a zaɓi reshe ɗaya na kusa a ɗaure shi da sanda ya miƙe ya gaje shi, in ba haka ba ta yi kai biyu.

Ƙwari kuma ba a rasa su. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi dangin gizo-gizo da ido ba ya gani sosai, suna tsotse allurar har ta koɗe. Yadda ake gane su shi ne ki riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ki girgiza, idan kika ga ɗige-ɗige suna motsi to su ne, sai a riƙa wanke bishiyar da ruwa mai ƙarfi. Akwai kuma wasu tsutsotsi masu cin sabon toho a watan Yuni, su da hannu ake tsince su tun suna kaɗan. Shuɗiyar ba a fesa mata maganin ƙwari mai mai, domin man yana narkar da kakin nan, shuɗin ya tafi ya bar kore.

TO, ZA TA YI A GIDA?

Bara wata ƙanwata da aka sa wa rana ta ga hoton gidana, nan da nan ta bugo waya. "Anti, don Allah ki taho mini da 'yar ƙaramar nan ko guda biyu, in sa a ƙofar falona. So nake gidana ya fita daban da na kowa."

Na ce, "Ƙanwata, da za ta yi, da har ɗaki zan kawo miki. Amma idan na kawo ta Kano, kashe ta zan yi da hannuna."

Ta ce ai za ta riƙa ba ta ruwa safe da yamma, ta sa ta a inuwa. Na san da yawanku haka za ku ce, don haka bari in yi muku bayanin da na yi mata. Sifurus tana haɗa ƙullin tohon baɗi tun a bana, sai ta rufe shi ta yi barci. Wannan ƙullin ba ya buɗewa yadda ya kamata sai ya sha makonni masu yawa na sanyi na gaske, irin na cikin firji. Sanyinmu na Disamba da Janairu, wanda muke ƙudundunewa a bargo muna jin wuta, bai kai ya biya mata wannan bukatar ba. Sannan ga zafin Afrilu da Mayu da ke kaiwa digiri 40, ga dare ma ba sauƙi. Ruwa da inuwa ba sa maganin wannan. Ko Jos da Mambila da muke yi wa kirari da sanyi, ba su da hunturun da ƙasa ke daskarewa. Bishiyoyi masu allura da kuke gani a can wasu iri ne daban da ke jure ƙasashe masu ɗumi. Ban da haka, shigo da tsiro da ƙasarsa daga wata ƙasa sai da izinin hukuma, saboda cututtukan da kan biyo shi su addabi amfanin gona.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A Jamus an daɗe ana shuka sifurus dubbai a wuraren da suka fi asalin mazauninta ɗumi, saboda katakonta na kawo kuɗi. Da aka yi fari da zafi daga 2018 zuwa 2020 bishiyoyin suka galabaita, wani ƙwaro mai huda ɓawo ya far musu, dazuzzuka suka bushe a tsaye, musamman a duwatsun Harz. Idan Jamus ta yi mata zafi a wasu wuraren, ina ga Kano da Sakkwato da Damagaram?

Saboda haka ku yi hattara da masu sayar da furanni a bakin titi. Wani zai nuna miki tsiro mai allura ya ce ai ita ce ta cikin fim. Yawanci abin da ke hannunsa arokariya ce, 'yar asalin tsibirin Nofok da ke tsakanin Ostareliya da Niyu Zilan. Ita ma kyakkyawa ce, rassanta hawa-hawa kamar bene, ba ta kuma bukatar ƙanƙara, hasali ma ƙanƙara kashe ta take yi. Sai dai danshi take so, don haka a garuruwanmu masu zafi a babbar tukunya ake sa ta a baranda, inda za ta sami hasken safe ta tsira daga ranar azahar da iskar hunturu. Ki saye ta da sunanta, ki biya kuɗinta daidai, kada a sayar miki da mafarki.

Idan kuma tsayin nan da tsinin ne ya burge ki, akwai doguwar bishiyar nan siririya mai ganye a rataye da ake jerawa a jikin katanga, wadda Indiyawa ke kira ashoka. Daga Indiya ta zo, zafi ba ya damunta in dai tana samun ruwa, ba ta cin fili, kuma kore take duk shekara. Baƙunta ba laifi ba ce ga bishiya. Darbejiyar da muke shan inuwarta ma daga yankin Indiya aka kawo ta a zamanin Turawa, mangwaro ma asalinsa can ne, amma da yake sun tarar da rana da ƙasa irin waɗanda suka saba, yau wa zai ce baƙi ne? Ga kuma waɗanda muka saba da su, lalle da rumman da lemon tsami da zogale, waɗanda za su ƙawata tsakar gida su kuma shiga tukunya ko su hau hannun amarya.

Duk abin da na lissafa na dashe yana aiki a kan waɗannan ma. Ki auna wurin da bishiya za ta cika idan ta girma, ki nisanta ta da bango da masai da rijiya, ki tona rami mai faɗi marar zurfi, kada ki binne wuyanta, ki dasa a farkon damina bayan ruwa ya zauna, ki kare ta daga awaki, ki kuma jure shayarwa a rani biyu ko uku na farko.

Da na gaya wa mahaifiyata yadda ake renon sifurus, sai ta yi murmushi ta ce ai 'ya mace ma dashe ce, ana cire ta daga inda ta tsiro a kai ta wata ƙasa. Shi ya sa iyaye na gari suke bincike kafin su ba da 'yarsu, su ga ko gidan zai karɓe ta, su kuma dangin miji su yi haƙuri da ita a shekarun farko har ta kama ƙasa. Ku 'yan mata ku riƙe wannan, ku dubi inda za a dasa ku da idon basira tun kafin a tona rami, kada kyan hoto kaɗai ya ja ku.

Ƙanwar tawa dai ashoka huɗu ta jera a jikin katangarta, da lalle guda a bayan kicin, kuma ta ce sun fara toho. Wadda duk ta dasa wani abu a gidansu a daminar bana, ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana abin da ta dasa da yadda ya kama. Ku gaishe mini da su Mama. Sai mun sake haɗuwa, na bar ku lafiya.